Haraji ko Makulli

Shekarar da aka rage ma'aikatan jirgin ƙasa, manaja ya kira Tasalla mai sharar taragai.

Ya ce, "Kuɗin sallamarki albashin shekara ne a dunƙule, sai an cire haraji. Kuma ki kawo makullin gidan kwatas."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ke zama a kwatas?"

"Mai cin albashi."

"Alhamdu lillahi. Ka ce na ci na shekara. Makulli sai baɗi."

"Inna, ai an sallame ki!"

"Sallamamme yana da albashi?"

"A'a."

"To harajin me za ka cire? Zaɓi ɗaya, ɗana, haraji ko makulli."

Manaja dai ya riga ya yi wa ƙanin matarsa alkawarin gidan. Aka biya Tasalla cif.