Ƙofar da Ba a Tambayar Suna

A zamanin da dajin Yamma bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Barmo ya sauka a gindin wata kuka tare da matarsa Tarana. Maharba suna yi masa kirari da Barmo mai kibiya ɗaya, wanda daji ya san sawunsa. Bukka ɗaya suka kafa, suka kewaye ta da ƙaya. Dajin yana da duhu har da rana, mutum yakan ɓata a cikinsa yana kallon hayaƙin gidansa. Saboda haka suka yi alkawari. Kullum rana ta take tsaka, Tarana za ta ja turmi ta yi daka irin nata, bugu biyu, ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu. Da wannan sautin Barmo yake gane hanyar gida.

Manoma suka zo, bukkoki suka kai goma sha biyu, aka fara cewa Tungar Barmo. A ƙauyen nan ba a tambayar kowa sunansa, don ko tarin mutum aka ji an san ko wane ne.

Wata damina Barmo ya bi sawun wani farin gwanki. Ya ce, “Tarana, kada ki fasa dakan.” Ta ce, “Ka taɓa jin na fasa?” Ya shiga daji, bai dawo ba.

Ta ci gaba da daka, ko da hatsi a turmin ko babu. Maƙera suka sauka, masaƙa suka biyo su, kasuwa ta fara ci ranar Laraba. Ƙauye ya zama gari. A gari kuwa idan baƙo ya shigo sai a ce, “Gidan wa za ka?” Ya faɗa, a nuna masa. Ƙarar maƙera ta fara danne dakan Tarana, sai ta ƙara wa taɓaryarta nauyi.

Bayan shekara talatin mahara suka ƙone garuruwa biyu a kudu. Dattawa suka yanke shawarar gina ganuwa mai kewaye gidaje da gonaki da rijiyoyi, yadda ko an tsare su shekara ba za su ji yunwa ba. Tarana ta roƙi a bar ƙofa a kan tsohuwar hanyar maharba. Magina suka ce wajen ya fi ko'ina haɗari, suka toshe shi, suka buɗe ƙofar can gaba. Gari ya zama Birnin Barmo. A birni ba ya isa baƙo ya faɗi gidan da za shi. Sai wani na ciki ya fito ya ce ya san fuskarsa.

A shekara ta arba'in, Tarana ta tsufa, mutane suna kiranta Uwar Gari. Wata Laraba tana wucewa ta ƙofar, ta ji mai tsaronta, wani ƙato mai suna Gagare, yana ba abokansa labari suna dariya.

Ta ce, “Gagare, me ya faru?”

Ya durƙusa. “Ba komai, Inna. Wani mahaukacin maharbi ne. Yau kwana uku yana zuwa da tsakar rana. Na ce wane ne kai, ya ce Barmo. Na ce rabin mazan birnin nan Barmo ne sunansu, wanne daga ciki? Ya ce shi ya dasa ƙayar farko. Saurayi ne fa, Inna, ko furfura ɗaya babu.”

“Ba wanda ya san shi?”

“Na tara tsofaffin unguwa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Kwarinsa ma kibiya ɗaya ce a ciki, wai maharbi.”

Tarana ta dafa bango. Waɗanda suka san fuskar Barmo duk sun mutu, saura ita, kuma ba wanda ya yi tunanin kiran Uwar Gari saboda baƙo mara takalmi.

“Me ya ce da zai tafi?”

Gagare ya daina murmushi. “Ya ce a gaya wa mai daka yana ji, amma sautin yana dukan bango ya warwatse, ya rasa ta ina yake fitowa. Ya ce jiya-jiya ya bar gida. Yau kam ya ce ya gaji.”

“Inuwarsa fa?”

Gagare ya ce, “Rana ce tsaka, Inna. Ban lura ba.”

Washegari ta sa aka ɗauki turminta aka fita da shi bayan ganuwa, daidai inda tsohuwar hanya ta mutu. Dattawa suka ce ta bari a haɗa ta da masu baka. Ta ce, “Shekara arba'in ina kiransa, ku kuka tambaye shi suna. Ku koma ciki.”

Rana ta take tsaka. Daga kan ganuwa aka ji bugu biyu da tafi, bugu biyu da tafi, da ƙarfin da ba na tsohuwa ba. Tsuntsaye suka yi tsit. Sai dakan ya tsaya a tsakiyar bugu.

Da aka fita, an tarar da turmi da taɓarya a jingine, da sandar da take dogarawa a yashe. Sawun mutum biyu ya nufi daji, kafaɗa da kafaɗa, kuma takun macen mai faɗi ne kamar na budurwa. Maharba suka bi har gindin wata ƙirya, nan sawun ya ƙare.

A wannan shekarar aka fasa ganuwar a wajen, aka yi ƙofa ba a sa mata ƙyaure ba. Gagare ya roƙi a ba shi tsaronta, ya zauna nan har ya mutu bai sake tambayar kowa suna ba. Har yau ana kiranta Ƙofar Turmi. Duk wanda ya shigo ta nan ruwa ake fara miƙa masa. Matan unguwar kuma ba sa daka da tsakar rana, domin sukan ce akwai mai yi, kuma idan iska ta kwanta ana jin tafin daga wajen daji.