Kiran da Ya Faɗa Tsakani

Tun da na dawo gida ƙafata ba ta zauna wuri ɗaya ba. Abokan da na bari, wasu sun yi aure sun shige gida, wasu sun bar garin, waɗanda suka rage kuma in mun haɗu maganar a gaisuwa take ƙarewa. Nakan fita bayan la'asar in yi ta zaga Gombe ba inda na nufa, ƙarshe in ɓulla ƙofar kemis ɗin Baffa Sambo, ƙanen mahaifina, inda dattawan layin ke zama a benci. Ran nan ya dube ni ya ce, "Kai da ka je ka karanto kwamfuta, nemi wuri ka zauna, yau da kai za a yi musu." Na zauna. Ga labarin yadda ya ba mu shi.

A benen da ke saman kemis ɗin nan wasu samari uku suka kama haya, Nafi'u da Huzaifa da Ƙasimu. Tare suka gama makaranta, tare suka haɗa wata manhaja ta ceton wanda maciji ya sara. In abin ya sami manomi ko makiyayi, lamba ɗaya za a kira. Manhajar ta karɓi kiran, ta nemo asibitin da ke da allurar kashe dafi, ta tura mai babur mafi kusa ya ɗauko mutum.

Da fari manhajar a dunƙule take guda ɗaya, kuma kowa a cikinsu ya san kowane lungu nata. In ta lalace, daga ƙasa kana jin ana jan kujeru, sun taru a kan allon kwamfuta ɗaya suna tsiya. Da ƙauyuka suka yi yawa sai dunƙulewar ta zama ciwo. Huzaifa ya gyara wajen babura, wajen magani ya rushe. Ƙasimu ya taɓa nasa, kira ya daina shiga. Ba mai iya sakin gyara sai ya jira sauran biyun. Har ta kai Nafi'u da Huzaifa suna sallah a sahu ɗaya su fito ba mai kallon wani.

Ƙungiyar da ke tallafa musu ta turo manaja. Ba mugun mutum ba ne, kuma ya san aikinsa. Ya ce a fasa manhajar gida uku, kowace ta tsaya da ƙafarta. Nafi'u ya ɗauki mai karɓar kira, Huzaifa ya ɗauki mai tura babura, Ƙasimu ya ɗauki mai lura da magani. Kowa da rumbun bayanansa, kowa da kalmar sirrinsa. Doka ɗaya ce babba, ba mai sa hannu a ɓangaren wani. Manhajojin za su riƙa miƙa wa juna saƙo ta ƙofar da aka amince, in kana son ɗan'uwanka ya canja wani abu ka rubuta ka jira. Aka sa wa kowa fitila a allonsa, in tana kore ɓangarensa lafiya lau.

Abin ya yi aiki, wannan ba mai musu. Faɗa ya ƙare, kowa na sakin gyaransa ranar da ya ga dama. Sai dai dalilin zama tare ma ya ƙare. Nafi'u ya koma Kano ya kama ɗaki shi kaɗai. Huzaifa ya koma garinsu wajen mahaifiyarsa. Ƙasimu ne ya rage a benen, shi da kujeru biyu da ba kowa a kai, yana cin abincin rana yana kallon bango. Sukan haɗu ta bidiyo a ƙarshen mako, kowa ya ce ɓangarensa kore ne, a kashe. Matar Ƙasimu ta yi ɓari, sauran biyun ba su ji ba sai bayan ta warke, don ba wurin faɗin irin wannan a taron.

Da kaka ta zo, Nafi'u ya lura yawancin masu kira ba daga cikin ƙauye suke kira ba, daga gona ne. Sai ya yi gyara mai kyau: in babu sunan ƙauye, saƙon ya tafi da alamar wurin da wayar take. Ya sanar a dandalinsu kamar yadda doka ta ce. Huzaifa yana fama da nasa gyaran, bai kai ga karantawa ba. Manhajar Huzaifa kuwa sunan ƙauye ta sani. Duk saƙon da ta kasa ganewa takan ture shi cikin wani kwando a gefe, kuma ranar rabo ba wanda aka ba kwandon nan, don ba ya cikin ɓangaren kowa.

Wata hantsi wani manomi, Malam Tanimu, yana yankan dawa, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Maƙwabcinsa na gona, Buba, ya kira lambar. Manhajar Nafi'u ta karɓa ta miƙa, fitila kore. Manhajar Ƙasimu ta nemo magani ta ajiye, fitila kore. Manhajar Huzaifa ta ture saƙon cikin kwando ta ci gaba da jiran aiki, ita ma kore. Malam Tanimu yana kwance a gindin bishiya, ƙafa na kumbura, ba babur a hanya, ba wanda ya sani.

Nafi'u ne ya fara gani. Buba ya sake kira, ya kuma sakewa, manhajar tana ɗaukar kiran a matsayin maimaici tana watsarwa, don haka aka gina ta. A doka aikin Nafi'u ya ƙare tun kiran farko. Amma mutumin da ke zaune shi kaɗai yakan zuba wa allo ido ko ba dalili, sai ya ga lamba ɗaya tana ta dawowa. Ya ɗauki wayarsa ya kira ta da kansa, abin da ba aikinsa ba ne. Ya ji muryar Buba na rawa, ya ji ana shirin tsaga wurin da aska a ɗaure da igiya. Ya hana su, ya sa aka kwantar da shi kada ya taka ƙafar, ya riƙe Buba a waya ɗaya, ya nemi abokansa da ɗayar. Da bai duba ba, da har rana ta faɗi ba wanda zai san da Malam Tanimu.

Huzaifa ya ɗauka ya ce, "Wane kira? Nawa kore ne."

Nafi'u ya ce, "Naka kore ne, mutum kuma jini ya fara fita ta dasashinsa."

"To ina yake?"

"Ai na turo maka."

"Ka turo wa bango dai, malam."

Buba bai iya kwatance ba, abin da yake cewa kawai bayan rafi, kusa da tsamiya. Alamar wurin tana cikin rumbun Nafi'u, ba ta karantuwa sai an ɗora ta a kan taswirar babura, ita kuma manhajar babura ba ta da ƙofar karɓarta. Kafin a gyara ƙofar a gwada a saki, an daɗe. Huzaifa ya tuna da wata tsohuwar kalmar sirri ta zamanin da suke tebur ɗaya, wadda aka manta ba a soke ba. Ya san amfani da ita laifin kora ne, don rumbun cike yake da sirrin marasa lafiya. Ya shiga. Ya haɗa alamar wurin da taswirar baburansa da hannu, ya ga mai babur ɗin da ke tsallaken rafin, ɓangaren da gonar take, ya kira shi, ya yi ta bi da shi a waya ta hanyar shanu har gindin bishiyar. Da bai keta dokar ba, da Nafi'u zai yi ta sauraron mutum yana mutuwa a waya.

Aka ɗora Malam Tanimu a babur, Buba ya riƙe shi ta baya. Asibiti biyu ne a yankin, ƙarami a kusa, babba da nisa. Lissafi ya nuna na kusa yana da allura. Huzaifa ya ce a nufi can, Nafi'u ya goyi bayansa. Ƙasimu ya ce a'a. Tun da aka bar shi shi kaɗai da magani ba abin da yake yi sai nazarinsa, har ya koya wa manhajarsa ta daina yarda da lissafin da ba a sake tabbatarwa ba. Na asibitin kusa ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, wayarsu kuma ba ta shiga.

Huzaifa ya ce, "Ƙasimu, mutum zai mutu a hanya saboda taurin kanka."

Ƙasimu ya ce, "Babur naka ne, magani nawa ne. Ban gaya maka hanyar da za a bi ba, kada ka gaya mini inda magani yake."

Nafi'u ya ce, "Yau ma dokar za ka kawo mana?"

Ƙasimu ya ce, "Yau ma."

Suka zage shi, bai janye ba. Ya kira babban asibitin aka tanadi allura aka jira a ƙofa. Babur ya wuce mararrabar asibitin kusa Malam Tanimu na numfashi sama-sama, Ƙasimu yana zaune a benen nan, ya san in mutumin ya cika a hanya shi za a nuna. Suka isa da sauran rai, aka yi masa allurar, jini ya tsaya. Daga baya aka ji allurar asibitin kusa ta ƙare tun ranar kasuwa, ma'aikaciyar ta tafi jinyar uwarta ba ta rubuta ba. Da Ƙasimu ya bi bakin abokansa, da ɗakin da ba komai aka kai shi.

Manaja ya zo bincike. Ya duba, bai sami wanda ya saɓa doka ba sai Huzaifa, ya dakatar da shi yana ba shi haƙuri. Kwandon kuma aka yi ta taro a kan wanda zai ɗauka.

Wata safiya wani mutum ya shigo kemis ɗin yana ɗingishi, ya ce shi ne Tanimu, yana neman mai lambar. Matarsa ta sauka, an sami namiji, ranar suna ta matso, ya yi alkawari tun yana gadon asibiti sunan wanda ya cece shi zai sa. Baffa ya hau da shi benen. Ƙasimu ya kira sauran biyun a bidiyo, Malam Tanimu ya durƙusa yana gaida allon.

Ya ce, "Wanne ne a cikinku?"

Nafi'u ya ce, "Baba, ni waya kawai na yi. Gyarana ma shi ya jefa kiranka a kwando."

Huzaifa ya ce, "Ni da na karanta sanarwarsa da tun farko babur ya zo maka. Sa sunan wancan mai taurin kan."

Ƙasimu ya ce, "Ni na ga an ajiye magani ba babur a hanya, na ce ba ɓangarena ba ne, na ci gaba da shan shayi. Kada ka sa nawa."

Malam Tanimu ya dubi wannan ya dubi wancan ya ce, "Yara, ni ban san ɓangare ba. Ƙafa ɗaya aka sara, yaro ɗaya aka haifa, liman kuma suna ɗaya zai faɗa." Suka zauna haka, biyu a cikin allo, ɗaya a kujera, ba wanda ya kashe. Da Malam Tanimu ya gaji ya sauko, ya riƙe hannun Baffa ya ce shi babba ne, ya zaɓa masa.

Nan Baffa ya tsaya ya kurɓi ruwa. Wani tela a cikin dattawan ya ce, "To wa ka zaɓa?" Baffa ya ce wannan tsakaninsa da mai ɗa ne, shi namu yake son ji. Ya gyara zama ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kaina.

Ya ce, "Nafi'u ya leƙa bayan iyakarsa ya ga mutumin, amma shi ya canja saƙon bai tsaya ya tabbatar an ji shi ba. Huzaifa ya tsallaka iyakar ya kai babur, aka dakatar da shi a kai, amma a ƙofarsa kiran ya faɗi. Ƙasimu ya tsaya a kan iyakarsa ana zaginsa har aka kai mutum inda magani yake, amma tsayuwar nan ce ta sa ya ga alama tun farko ya yi shiru. Cire ɗaya a cikinsu, Malam Tanimu bai ga ɗansa ba. To, ku gaya mini, sunan wa ya kamata yaron nan ya amsa har tsufansa?"