Yadda Aka Toshe Ƙofar Birnin Fiffike

An yi wani birni a can da, ana ce masa Birnin Fiffike. Tsuntsaye ne zalla a cikinsa, ƙofarsa kuma ɗaya tak. Shugaban majalisarsu Talotalo ne, mai son a kalle shi yana hura wuya. A bayan ganuwa kuwa ƙauyawa ke noma, cikinsu har da Jaki mai saurin fushi, da maƙwabciyarsa Bushiya, wadda ko gaishe ta aka yi da ƙarfi sai ta dunƙule don kunya.

Kullum da safe ƙauyawan nan ke kai wa birni gero. Bayan girbi kuma su ne masu yaɓen ganuwa. Ba su taɓa cewa uffan ba.

Wata shekara Talotalo ya ji cewa ganuwar wani birni ta fi tasu tsawo. Ranar da ruwan shuka ya sauka, Bushiya ta fito da ƙwaryar irinta tana murna, sai ta ji shela: kowa ya ajiye sungumi ya zo aikin ganuwa, ba shuka sai an ƙara mata kamu goma.

Ruwan farko ya wuce su suna kwaɓa ƙasa. Na biyu ma haka. Da na uku ya sauka, Bushiya ta taɓa ƙasa. Ta san idan wannan damshin ya bushe, bana ita da 'ya'yanta uku ba su da abin kaiwa baki.

Jaki ya je roƙon a ba su kwana biyu kacal. Talotalo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko fiffike ba ka da shi, wa ya ba ka baki a maganar birni?"

Jaki ya dawo yana huci, yana cewa kowa ya ɗauko sanda. Bushiya ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta matso kusa da kunnensa.

"Yaya Jaki, tun da muka fara aikin nan, ka taɓa ganin ɗaya daga cikin manyan nan ya tashi sama?"

Jaki ya ce ina ruwansa da tashinsu. Sai ta gaya masa abin da ta gani: Agwagwa, babbar 'yar majalisa, ta yi ta fama sau uku kafin ta hau kan turmi. Geron ƙauye ya yi musu nauyi a jiki, su ba su ma sani ba.

"To mu gama musu ganuwarsu," in ji ta. "Wuri ɗaya ya rage ba mu yaɓe ba."

Da rana ta take, manya suna barci a inuwa, ƙauyawa suka jera tubali a bakin ƙofa, suka yaɓe ta sumul. Jaki har ado ya yi mata da kofato. Daga nan suka nufi gona da waƙa. Ƙananan tsuntsayen birni, waɗanda su ma ragowa kawai suke samu, suka tsallake ganuwa suka zo taya su shuka.

Gari ya waye, ba gero. Talotalo ya ce yanzu zai fita ya koya wa ƙauyawa hankali. Ya ja da baya, ya sheƙo a guje, ya kaɗa fiffike. Ko kamu biyu bai yi sama ba ya gwabza ƙirji da ganuwarsa, ya faɗa ramin kwaɓa tsamo-tsamo.

A rana ta uku Bushiya tana rufe ramin shukarta na ƙarshe, sai ta ji ana kira ta rariyar ganuwa, inda ruwa ke fita. Talotalo ne kwance rub da ciki, ya zuro baki.

"Ƙanwata, baiwar Allah, me kuke so?"

Jaki ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mu marasa fiffike ba mu da baki."

Bushiya ta ji kamar ta dunƙule, amma ta daure. Ta faɗi abu uku: ba aikin ganuwa da damina, ba a ƙara ɗibar gero sai da yardar masu noma shi, kuma ƙauye zai samu kujera uku a majalisa. Talotalo ya so ya rage kujerun zuwa ɗaya. Cikinsa ya yi ƙugi har kowa ya ji, sai ya ce ya yarda.

Harbi biyu Jaki ya yi, ƙofa ta buɗe.

Ranar zaman farko, Jaki ya hau dakalin da manya ke zama, dakali ya rufta da su duka. Aka yi ta dariya har da Talotalo. Tun daga nan majalisar birni da ƙauye a ƙasa take zama, kafaɗa da kafaɗa. Bushiya dai ba ta jira an tashi ba. Ta sulale ta tafi gona, domin geronta ya fara tsiro.

Darasin wannan labari shi ne, shugaban da ya hana masu ciyar da shi baki a sha'anin gari, kansa yake ɗaurewa. Gari ba ya zama lafiya sai an zauna da mai noma an ji ta bakinsa.