Allon Kabarin Dogo

Akwai wani mai walda, mutum ne mai hannu. In ya haɗa maka ƙofa, sai dai ginin ya rushe ya bar ta a tsaye. Har allunan ƙarfe da ake kafawa a kan kaburbura shi yake yi wa mutanen unguwa.

Ɗa ɗaya Allah Ya ba shi, ana ce masa Dogo, direban tasi ne. Dogo yana da aboki, Gajere, kullum suna tare. In suka jero a titi sai ka ce tsani da kujera. Gajere kusan a gidan ya girma, don Maman Dogo ba ta taɓa zuba abinci kwano ɗaya ba, sai biyu.

Wata rana Dogo ya fita aiki bai dawo ba. Daga baya aka kama Gajere yana neman mai sayen tasin, ga jini a kujerar baya. A kotu ya amsa cewa shi ya kashe abokinsa. Amma da aka tambaye shi inda ya kai gawar, sai ya sunkuyar da kai ya yi gum. Alƙali ya yanke masa hukuncin kisa.

Mai walda bai yi kuka ba. Shago ya koma, ya yanko ƙarfe ya yi wa ɗansa allo, ya rubuta sunansa da farin fenti. Da fentin ya bushe sai ya tuna babu inda zai kafa shi. Ya jingine shi a bayan ƙofa.

Shekaru suka tafi. Yana fita aiki, yana dawowa, yana cin abin da aka ajiye masa ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba.

Ana nan sai kwamitin da ke sake duba hukunci ya nemi jin ra'ayin iyalin mamacin: a zartar, ko a mayar da shi ɗaurin rai da rai? Sai kuma ga wani gandiroba da saƙo. Gajere ya ce zai faɗi inda gawar take, amma Mama kaɗai zai faɗa wa, ido da ido.

Masu zaman hira a bakin shago suka rabu biyu. Wasu suka ce wanda ya kashe a kashe shi, magana ta ƙare. Wasu suka ce a bar shi ya tsufa a kurkuku yana aikin wahala yana tuna abin da ya yi. Kowa ya zama lauya, alhali ba ɗansa ba ne.

A gida, mai walda ya ce wayo ne kawai, Gajere so yake ya ga hawayen Maman Dogo ya tsira. Ya ce ai in ya ga igiya, tsoro zai buɗe masa baki.

"Mutumin da ya ci abincinki ya kashe miki ɗa, shi za ki je ki zauna a gabansa?"

"Ni ban ce na yafe masa ba, Baban Dogo," in ji ta. "A rufe shi har ya mutu, ban damu ba. Amma in aka kashe shi gobe, wa zan tambaya?"

Ya rantse ƙafarta ba za ta taka gidan yarin ba. Shi kaɗai ya je gaban kwamiti, ya ce a zartar.

Ranar da aka zo aka gaya masa an zartar da hukuncin, yana tsakiyar haɗa wata taga. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya saurara, ya mayar, ya ƙarasa aikinsa. Ya jira ya ji sanyi a ransa. Bai ji komai ba.

Da yamma gandiroban nan ya yi sallama a gida, ya zauna yana murza hularsa. Ya ce duk ranar ziyara sai Gajere ya tambaye shi ko Mama ta zo. Da safiyar da aka fito da shi za a rataye shi kuwa, harshensa ya yi nauyi.

"Na sunkuya na ce ya faɗa mini, ni zan kai mata. Ya yi ta ƙoƙari, Baba. Abin da na iya ji kawai, kusa da ruwa, akwai bishiya."

Maman Dogo tana bayan labule, ta ji komai. Ba ta ce wa mijinta ai na gaya maka ba. Da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Har yau, duk ranar da ba aiki, sai mai walda ya sa allon a bayan tasin Dogo da kotu ta mayar musu, ita kuma ta zauna a gaba. Su bi bakin kogi, su bi tafki, su bi rafin da ya ƙafe. Ba sa hira. In ta hango bishiya sai ta taɓa hannunsa ya tsaya.

"Ko wannan ce?"

Yakan daɗe yana kallon bishiyar, sannan ya ce, "Ban sani ba, Maman Dogo." Sai ya tayar da mota.

Darasi: Mai laifi dole ya ɗanɗana kuɗarsa, amma kisa hukunci ne da ba a dawowa a gyara. Wanda aka ɗaure yana iya nadama, yana iya faɗin gaskiyar da ya ɓoye. Wanda aka binne ya tafi da ita. Kada fushi ya hana ka sauraron wanda kuke cikin baƙin ciki ɗaya. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, ku kuma gaya mana: da ku ne a gaban kwamitin nan, me za ku ce?