Gayyar Jam'iyyar Masu Gumi

Ku gyara zama, ku masu cewa ba a siyasa sai da mota da lasifika. A garin Kurmin Dawa an yi wata 'yar jam'iyya, Jam'iyyar Masu Gumi, wadda 'ya'yanta duka ba za su cika rumfa biyu a kasuwa ba. Aƙidarta ɗaya ce: ƙasa ta kowa ce, wanda ya noma shi zai ci. Jatau tela ne ya kafa ta, ofishinta kuwa gindin tsamiyar da ke gonarsa.

Da abin ya fara yi wa manyan gari ƙaiƙayi, ana gab da damina aka ɗaure Jatau, aka kwashe rumbunsa, aka hana taron jam'iyya. Dabarar a fili take. A al'adar garin, gonar da damina ta wuce ba a shuka ta ba, ta koma hannun dagaci. Jatau yana kurkuku ya ji ruwan shuka na dukan kwano, ransa ya yi ta ƙuna, don ya san in gonar ta tafi, jam'iyya ba ta da sauran wurin tsugunawa.

Tabawa mai koko ce ta fara ɗaga kai. Ta ce, "An hana taro, mun ji. To, gayya ma an hana ne?" Ta ɗauki tukunyarta gida gida tana gayyatar mutane gonar Jatau. 'Yan doka suka fasa tukunyar, suka kore ta daga kasuwa. Ta aro wata ta ci gaba.

Kowa ya amsa mata, amma ranar gayya tsoro ya zaunar da kowa a ɗaki. Sai Cindo makaɗi, wanda abincinsa yake ƙofar dagaci, ya rataya gangar noma. Aka aiko masa cewa in ya buga, kada ya ƙara taka fada. Ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaya wa mai gari, Allah ya ja zamaninsa, amma gangar nan ta girmi rawaninsa." Ya buga. Wane manomi ne zai ji ana kiran sunan kakansa ya zauna? Gari ya fashe.

Ga jama'a, ga sungumi, babu iri. Bara an yi fari, kowa ya riga ya zuba ɗan abin da ya ɓoye a gonarsa. Wani manomi, Barmo, shi kaɗai bai shuka tasa ba. Ya je ya ɗauko irinsa kaf ya ajiye a gindin tsamiya. Aka shuke gonar Jatau, dagaci kuwa ya huce a kan ta Barmo, ya karɓe ta.

Da kaka aka sako Jatau, ƙafafu a kumbure, ido ba ya gani sosai. Ya shafa zangarniyar gero ya yi kuka, shi da bulala ba ta sa shi hawaye ba. Ya san ƙarfinsa ya ƙare, dole wani ya ja jam'iyya. Ya warware jar tutar da ya ɗinka da hannunsa, Tabawa da Cindo da Barmo suna tsaye gabansa, babu mai sana'a ko gona a cikinsu, babu kuma mai nadama.

Tutar ɗaya ce, kuma ba a yaga ta. To, ku da kuka iya baki, a hannun wa Jatau zai damƙa ta?