Abin da Ya Buɗa Kumatun Gafiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

To, ku nutsu. Ke Tasalla, cire hannunki daga gyaɗata, idona biyu.

Wata Gafiya ce da uwarta tsohuwa. A garinsu sau biyu ake ci, koko da safe, tuwo da almuru. Tsakani kuwa sai hamma. Ana nan sai tsohuwa ta daina cin tuwo. A kai mata malmala, ta kalla ta kau da kai. Ta rame kamar sillen kara. Hankalin Gafiya ya tashi, ta ruga wurin Hawainiya mai magani.

Hawainiya ta ce, "Cikinta ya gaji da abu mai nauyi. Ƙwalama take so. Idan ta ƙara kwana bakwai a haka, sai dai haƙuri."

"Mece ce ƙwalama?"

"Oho! Ni ma a bakin fatake na ji. Je ki gani."

Gafiya ta yi ɗamara, ta nufi arewa, ƙasar Buzaye. Da hantsi ta iske Raƙumi yana tauna.

"Baba Raƙumi, ba ka karya ba ne?"

"Na karya mana. Cuku ne da dabino. Su ke riƙe mu kafin a sauke tukunya."

"Ikon Allah! Ci tsakanin ci? A ɗan ƙunsa mini."

"A'a, 'yata. Ba a ƙunshe shi. Nan ake ci, ana hira."

Kunya ta hana ta faɗin abin da ya kawo ta. Ta yi kamar tana ci, ta tura a kuncin hagu.

Ta yi kudu, ƙasar Nufawa. A bakin kogi ta iske Kwaɗo da azahar, bakinsa ƙurus-ƙurus.

"Malam Kwaɗo, tsakuwa kake ci?"

"Tsakuwa a gidanku! Ƙuli-ƙuli ne."

"A ɗan ƙunsa mini."

"Ba a ƙunshe shi. Nan ake ci, ana hira."

Ta tura a kuncin dama.

Ta ƙara gaba, ƙasar Yarbawa. Da la'asar ta iske Aku da soyayyar ayaba mai barkono. Kun dai san Aku, bakinta ba ya hutu.

"Baƙuwa, bisimilla! Daga ina?"

Gafiya ta ce, "Mm."

"Ya hanya?"

"Mm."

"Ke, ba a cin abinmu da mm! Ya Mama a gida?"

Da ta ji an ambaci uwarta, sai kuka ya ƙwace mata. Ta buɗe baki, sai ga dabino, ga cuku, ga ƙuli-ƙuli a ƙasa warwatse. Wayyo, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige! Ta kwashe labari duka ta faɗa.

Aku ta ce, "Haba 'yar nan! Da kin faɗa, wa zai hana ki? Kwashe, ki ƙara da ayaba. Amma ki ji: in kin ajiye mata kin tashi, ba za ta ci ba."

Ba jaka, ba ƙwarya, sai kumatu. Ta cusa, ta cusa, ta kama gudu. Ran kwana na bakwai ta iso. Ta zube kayan a gaban tsohuwa. Tsohuwa ta kalla, ta kau da kai.

Gafiya ta juya za ta fita. Sai ta tuna maganar Aku, ta zauna.

"Inna, kin san akwai ƙasar da ake shanya nono har ya yi tauri?"

Tsohuwa ta buɗe ido ɗaya. "Ƙarya kike."

"Ga shi, taɓa."

Ta gutsura. "Hmm. Wannan mai kama da igiya fa?"

"Gyaɗa ce, Inna. Wani Kwaɗo mai baƙar magana ya ba ni."

"Me ya ce miki? Miƙo in ji."

Suna hira tana gutsura, har ta tashi zaune. Kwana uku ta nemi tuwo da kanta. Gafiya ta yi ta kuka don murna.

Kumatun nan dai ba su koma yadda suke ba. Shi ya sa har yau za ku ga gafiya da kumatu kamar jaka, tana kai wa na gida. Ƙwalama kuma ba a cinta a ɓoye, da hira take shiga.

Ƙurunƙus kan kusu, ba kan gafiya ba, ita tana da mai jiranta. Tasalla, miƙo gyaɗar nan, kowa ya ɗiba.