Jatau Masaƙi Da Ya Ƙi Shiga Dubiya

An yi wani mutum a wani gari can da daɗewa, wani bawan Allah masaƙi, sunansa Jatau. Yana da amini tun na ƙuruciya, Barmo, wanda doguwar jinya ta riga ta cinye masa jiki. Ana nan sai mura ta kama Barmo. Murar da ni da kai za mu yi kwana biyar mu warke, shi wata uku tana tare da shi, har ta gangara ƙirji. Huhu ya kumbura, numfashi sai da ƙyar.

Mai magani ya duba shi, ya ce wa Tabawa, matar Barmo, "Jikin nan ba shi da sauran ƙarfi. In wata murar ta hau kan wannan, sai dai haƙuri."

To ku saurara. Gari duk ya yi ta zuwa dubiya, amma Jatau bai shiga ba, don shi ma mura yake yi. Sai mutane suka sa shi a baki. Wai aminin banza, wai gudun ciwo yake. Kun san bakin mutane! Jatau ya ci gaba da saƙarsa. Ko daga waje bai yi sallama ba, don ya san in Barmo ya ji muryarsa sai ya ce lallai ya shigo.

Allah cikin ikonsa, tarin ya lafa, numfashi ya dawo, Barmo ya miƙe. Gida ya cika da hamdala, amma shi ransa a ɓace.

Ya ce, "Tabawa, kowa ya zo, ban da Jatau."

Ta ce, "Malam, ƙarar saƙar da kake ji kullum bayan katanga, ta wa ce? Nan ya dawo da masaƙarsa, yana sauraren tarinka. Gwadon da ka rufa da shi ma shi ya saƙa, ya wanke, ya shanya kwana uku kafin ya miƙo."

Barmo ya dafa bango ya zagaya. Jatau ya ɗago kai, idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Alhamdu lillahi. Tsaya daga nan dai, ban gama warkewa ba."

Jama'a, dubiya lada ce, ban musa ba. Amma in kana tari, maƙwabcinka kuma jikinsa ya yi rauni, tsayawarka a waje ita ce dubiyar. Ka aika da abin da ka samu, ka yi masa addu'a. Masu zaginka su zaga, shi dai ya tashi.